Cinnaka ya ciji Kawu, shi kuma yana dariya

Jiya muna cin ɗanwake a gindin mangwaro, a gonar tumatirinmu ta Bunkure, sai Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya yarfe hannu ya ce, "Wash!" Can kuma ya fashe da dariya.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya ce, "Cinnaka ne ya cije ni. Kuma na ji, Habu! A ƙaramin yatsan nan na ji shi!"

Bara ne lauje ya yanke shi a wuyan hannu wajen yankan shinkafa. Ciwon ya warke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka mutu murus. Ashe jijiya ce ta tsinke a ciki. Akwai ranar da ya dafa salansar injin ban ruwa, bai sani ba sai da ya ji ƙaurin fatarsa. Riƙon fartanya ma ya gagare shi, har ya fara zancen barin noma.

A asibiti a Kano aka ɗinke jijiyar. Likita ya ce a hankali take farfaɗowa, sai haƙuri.

Na kai hannu zan murƙushe cinnakan, Kawu ya riƙe ni.

Ya ce, "Ƙyale shi ya tafi. Wata da watanni ina jiran mai kawo min wannan albishir."

Ni da kullum nake gudun jin zafi, jiya na ga wanda ya yi hamdala don ya ji shi. A cikinku akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?