Rufin Taubashi

Ni na koya masa riƙon shebur. Da wannan nake so in fara, domin duk mai ba da labarin nan a garinmu yakan tsallake wurin.

A shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ta ce Afirka gida ɗaya ce, ina aikin bulo a wani fili da ke bakin Sabha, kan hanyar Tamanhint. Mu mutanen Damagaram birgi muke ce masa, amma 'yan Kano sun fi mu baki, bulo ya zauna. Na daɗe a wurin har mai filin, wani dattijo da kowa ke kira Haj, ya sakar mini injin bugawa. Ni ke duba kwaɓi, ni ke danna injin, ni na san kukan da yake yi idan yashi ya yi yawa. Ana haka sai ga taubashina, ɗan gwaggona, ya diro daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, da leda ɗaya a hannu, leɓe duk a tsage, wai Tarabulus za shi. Na kai shi ɗakinmu a unguwar Manshiya, na ba shi rabin katifata, na roƙi Haj ya ɗauke shi turin baro. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangida yana laluba aljihuna.

Bai yi wata biyu ba aka dawo mana da mota guda cike da bulo daga wani gini a unguwar Abdulkafi. Kusurwoyin duk sun zube. Haj ya ɗauki ɗaya, ya murza da babban yatsa, ya zama gari, sannan ya dube ni. Na ce yashi ne. Mai kawo yashi ya ce siminti ne. Mai siminti ba ya nan, don haka laifi ya kwana a kansa. Haj bai gamsu ba, ya kawo wani muhandis, injiniya ke nan, dogon Basudane mai sanyin murya wanda ya tashi cikin Hausawan can, yana jin Hausa gwargwado.

Kwanaki mutumin nan yana zagaya fili yana duba aikinmu. Da ya tashi magana ya ce kwaɓi lafiya, bugu lafiya, a ranar kam na so shi. Ya ce inda yake zargi shi ne shanya: rana na shanye ruwan bulo kafin siminti ya sha. Mu abin da muka saba, a watsa ruwa sau ɗaya da safe, a bar wa Allah da rana sauran. Amma ya ce zato ba sani ba ne, sai an gwada.

Ga yadda ya tsara. Kwaɓi ɗaya, bugu ɗaya, duk daga hannuna. Sai a raba bulon kashi huɗu. Kashi ɗaya a rufe shi da buhunan algarara kawai, ɗaya a ƙara masa ruwa kawai, ɗaya a yi masa duka biyun, ɗaya kuma a bar shi yadda aka saba, ko ɗigo kada a ƙara. Kowane kashi da fentinsa da mutumin da zai kula da shi. Bai ma yarda a jera kowanne wuri guda ba, ya warwatsa su, wasu gindin katanga wasu tsakiyar fili, don kada inuwa ta yi wa wani alfarma. Ya shafa wa ƙwallayen dabino huɗu fenti, ya zuba a hularsa, ya ce mu sa hannu: ni, taubashina, wani Bakano mai surutu, da wani ɗan Mali.

Na ce ni ne babba, a bar ni in zaɓa.

"Ƙuri'a ba ya sani babba," in ji muhandis. "Shi ya sa muna yi shi."

Na ciro fari. Fari shi ne a bar shi yadda aka saba. Taubashina ya ciro ja, ruwa da rufi gaba ɗaya.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai Haj, da yake yana son ya ga mutane na gudu, ya ce wanda bulonsa ya fi ƙarfi shi zai zama muraƙib, mai duba kowace mota kafin ta fita. Zai ba shi ɗakin bakin ƙofa mai fanka, ya kuma yi masa iƙama, takardar zaman da in kana da ita ba ka canza hanya don ka hango motar 'yan sanda. In kuma ba a ga bambanci ba, tsohuwar hanya ta zauna, muƙamin na babba ne. Muhandis ya ɓata rai, ya ce hanya ake gwadawa, ba mutum ba. Haj ya ce bahi, bahi, wato ya yi kyau, amma bai janye maganarsa ba.

Shekaru nake hangen ɗakin nan. Yanzu an sa ni tsere an ɗaure mini ƙafa, kuma bulon da za a kayar da ni da shi, ni na buga shi da hannuna. Na ji haushi, kuma ba haushin muhandis ko na Haj ba. Haushin yaron da na ba rabin katifa nake ji.

Kullum da safe in watsa wa farare ruwansu sau ɗaya, in koma kan injin. Shi kuwa ya wuni yana jan tiyo, yana lulluɓe jajaye kamar masu jego. In ya zo wucewa ta gabana sai ya rage tafiya.

"Ubangida, 'ya'yanka na gaishe ka. Sun ce ko ɗan kurɓi."

"Ja tiyonka, bawa, kafin in sayar da kai in sayi goro."

Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Ba a fushi da taubashi, duk wanda ya yi shi ne abin dariyar gari, kuma ya san haka sarai.

Abin da ya fi ci mini rai, muhandis ya koma wurinsa. Su tsuguna tare, su ɗaga buhu, su taɓa. Ya koya masa ƙwanƙwasa bulo da guntun ƙarfe a saurari amonsa, abin da ni na daɗe ina yi ba wanda ya ce sannu. Haj da ya shekara da shekaru yana kirana "ya Nijar", wato kai ɗan Nijar, ya riƙe sunan taubashina cikin mako guda. Takalmin robar da ke ƙafar yaron ma tsohon nawa ne. A ɗaki in muka sa hannu a kwanon makaroni, har loma nake ƙirga masa.

Wata rana na samu muhandis shi kaɗai, na ce ya bar ni in ƙara ko bokiti ɗaya, tunda kowa na ganin farare na shan wuya.

"Kai ne mudu," ya ce. "In mudu ya canza, ba mu sani komai."

"Mudu ai ba ya cin hatsin da ya auna," na ce.

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata, ya wuce wurin jajaye.

Daga ranar na daina hutun tsakar rana a rumfar fili. A Sabha in rana ta take, kowa kwanciya yake har la'asar, muhandis da Haj su tafi gida. Ni sai in tsallaka titi zuwa garejin wani mutumin Maraɗi, in kwanta ƙarƙashin mota, don kada in buɗe ido in ga buhunan nan jiƙe. Farare kuwa ban ƙara musu ko tofin yawu ba. So nake su ruguje kowa ya gani, in ce to ga abin da aka yi mini.

Da ranar gwaji ta zo, muhandis ya kafa jak ɗin mota cikin wani firam na ƙarfe, da wani abu mai allura kamar agogo a jikinsa. A sa bulo, a yi ta bugun jak har ya fashe, a ga inda allura ta tsaya. Na ɗan Mali, masu ruwa kawai, suka kai wani wuri suka fashe. Na Bakano, masu rufi kawai, kusan haka. Jajaye suka wuce su nesa, har mai bugun jak ya yi gumi. Na juya baya na kama gyaran abin da bai lalace ba a jikin injin.

Can sai na waiwayo. An sa fari, allura na ta hawa. Aka sa na biyu, aka sa na uku, duk suna taka wa jajaye baya, wani ma ya kamo su.

Wallahi ban san lokacin da na iso gaban jak ɗin ba. Na ce ai dama na faɗa, bulon da ya bugu ba ya neman bargo. Na ce shekaru muna yin abinmu kafin a zo mana da ƙwallon dabino. Na dubi taubashina na ce, "Bawa, kwashe tsummokaranka ka kai wa gwaggo ta yi shimfiɗar awaki." Haj sai murna yake, don ruwa saye yake yi, da tanka ake kawo mana. Har ya fara laluben makullin ɗakin a aljihu.

Muhandis bai yi murna ba. Ya tsuguna yana juya ɓaraguzan farare.

"Wanda an ba shi ruwa kawai, bai kai ba," ya ce. "Wanda an ba shi rufi kawai, bai kai ba. Wanda ba a ba shi komai, yaya ya kai?"

"Ruwa dai ba ya tsami banza," in ji Bakano, wanda ba a tambaye shi ba.

Muhandis ya ɗago wani ɓari zuwa haske, ya sa farce ya zaro wani abu siriri daga fuskarsa. Zaren buhu ne. Ya ɗauki wani, ga shi nan ma. Duk idanu suka dawo kaina. Na rantse, na sake rantsewa, na ce a kawo Alƙur'ani. Ba wanda ya ce ƙarya nake, amma Haj ya mayar da makulli aljihu, kuma na ga ɗan Mali ya sunkuyar da kai don kunyata.

Taubashina na zaune kan baro yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Haj, ku bar shi. Wannan ko kansa ba ya shayarwa, balle bulo. Ni ne."

Ya ce kullum in na tsallaka titi, kowa ya yi barci, sai ya jiƙa farare, ya lulluɓe su da buhunansa, ya kwashe kafin la'asar. Kafin mutane su tashi rana ta busar da samansu.

Muhandis ya tambaye shi dalili. A karon farko na ji muryar muhandis ta hau.

"To ya zan yi?" in ji taubashina. "Shi ya kawo ni garin nan. In shiga ɗaki mai fanka shi yana kwana da mutum takwas, da wane baki zan gaya wa tsohuwata? Kuma ai aikin bawa ne ya shayar da dukiyar ubangidansa."

Aka yi dariya, har da Haj. Ni ban yi ba, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata na kasa mayar masa da magana.

Muhandis ya ce aikin wata guda ya tafi a banza, sai an sake daga farko. Ya ce mai irin wannan tausayi ba zai iya muraƙib ba, don ranar da ɗan'uwansa ya buga bulo maras kyau zai bar mota ta fita, katanga ta faɗa wa 'ya'yan wani. Sannan ya nuna ni, ya ce ga wanda ya ga nasa na ƙonewa bai taɓa ba, irinsa ake nema. Ban gaya masa abin da ya riƙe hannuna ba.

Aka sake gwajin, wannan karon muhandis na wuni a fili. Farare suka fashe tun allura ba ta yi nisa ba, jajaye suka yi gaba. Kafin nan taubashina ya ɗaure ledarsa. Ba korarsa aka yi ba, ya ce dama Tarabulus za shi, mu muka tsare shi. A tasha ya cire takalmin robar ya miƙo mini, ya ce in adana, wata rana wani bawan zai zo.

Na samu ɗakin, na samu fanka, na samu iƙama. Na yi shekaru ina duba motoci, ba a sake dawo mana da ko ɗaya ba. Amma ban ji daɗin ɗakin nan yadda na zata ba, don duk wanda ya shigo shan shayi sai ya ɗauko labarin, kuma ba labarina ba ne. A filinmu ba a taɓa cewa a rufe bulo yadda muhandis ya ce, ko yadda muraƙib ya ce ba. Rufin taubashi ake cewa. Na hana, na yi faɗa, sunan ya bi leburori zuwa wasu filaye. Da ya kayar da ni a gaban jak, da na san abin da zan yi, in yi fushina in huce. Sai ya bar mini ɗakin ya tafi da abin da ya fi ɗaki, kuma har yau in na tuna ina jin kishinsa.

Shekarata ta ƙarshe a Sabha aka kawo mini wani sabon lebura, magidanci daga wajen Tawa, ƙurar hanya ba ta ma bar gemunsa ba. Na kai shi wurin shanya, na ɗauki buhu zan nuna masa.

"A'a, na san wannan," ya ce. "Rufin taubashi ne. Tun a Agadas aka ba mu labarinsa a tasha. An ce wani ne ya bar wa ɗan'uwansa muƙami. Kai ka san shi?"

Na ce wani ne da ya wuce Tarabulus.

"Allah ya yi masa albarka," ya ce. "Shi kuma ɗan'uwan fa?"

Na ce amin, na miƙa masa tiyo.