Ɗaso Mai Wankan Gawa da Jirgin Bur Sudan

A unguwar Hindawiyya ta Makka, in mace ta rasu cikin Hausawa, Ɗaso ake aika wa. Bakatsiniya ce, ta zo Makka ta hanyar Cadi da Sudan tun tana amarya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rumasa'u. Ba ta da yawan magana. Hannunta da taushi a kan gawa, kuma ba a taɓa jin sirrin mamaciya daga bakinta ba.

Rumasa'u tana sayar da hatsin tantabaru a kusa da Harami, a wata inuwa da alhazai ke yawan bi. A ɗaki aka haife ta, ba wanda ya yi tunanin yi mata takarda, don a ganin Ɗaso wanda aka binne cibiyarsa a Makka ba ya bukatar shaida. Maƙwabciyarsu Rabi, ita ma mai hatsi, ta daɗe tana ƙyashin wannan inuwa. Bayan aikin hajjin 1963 aka shiga kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, sai Rabi ta nuna wa askarawa Rumasa'u da baki.

Aka yanke mata hukunci, aka tsare ta a Jidda. Ɗaso tana can tana neman wanda zai tsaya mata, aka loda ta da sauran matan da aka kama a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, a ƙasar da yarinyar ba ta taɓa takawa ba.

Sai da aka shekara biyu labari ya zo, a bakin Hauwa, wadda aka kora tare da Rumasa'u ta kuma lallaɓo ta dawo. A can ƙasan jirgi aka zuba su, wurin kaya, ba iska, ruwan sha sai an yi kokawa. Zazzaɓi ya kama Rumasa'u, ta cika kafin a ga tudu. Ma'aikatan jirgi suka naɗe ta a buhu suka sake ta cikin Bahar Maliya. Ɗaso ta yi tambaya ɗaya: "An yi mata wanka?" Hauwa ta girgiza kai.

Daga ranar Ɗaso ba ta ƙara amsa sallamar Rabi ba. Ba ta zage ta ba, ba ta kuma kai ƙararta ba, ko da yake ta san Rabi ma ba ta da iƙama. Jira take yi.

Da ciwon ajali ya kwantar da Rabi, ɗanta Idris, direban tasi, ya zo ya durƙusa a ƙofa.

"Ya Hajja, Inna ta nemi gafarar kowa a unguwa, kowa ya yafe. Ke kaɗai kika rage."

"Tayyib. Mu je."

Ta biya ta ɗauko Hauwa. Ɗakin cike da mata, Rabi ta rame ta zama ƙashi da rai.

"Yaya Ɗaso, ki yafe mini don darajar Ɗakin Allah. Wallahi na zaci tara za su ci ta su sako ta."

"Hauwa, gaya mata yadda aka yi. Kada ki rage komai."

Hauwa ta faɗa, har da ƙarar da ruwa ya yi da aka saki gawar. Wata tsohuwa ta ce, "Haba Ɗaso, halas, ya isa haka mana! Mai shirin tafiya ake wa haka?"

"Tawa da za ta tafi, wa ya tausaya mata?" Ɗaso ta juya ga Rabi. "Haƙƙin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mai shi tana ƙasan teku, ke za ki riga ni ganinta, ki roƙe ta. Nawa kason kuwa, Allah ya isa."

Rabi ta rasu washegari da hantsi. Matan unguwa suka yi cirko-cirko, don ba wata mai wanka, kuma ba mai ƙarfin halin zuwa kiran Ɗaso. Sai ga ta da kanta, da magarya da kafur. Ta yi wa Rabi wanka cikakke, ta tsefe mata kai, ta suturta ta yadda ya kamata.

Da ta fito, Idris ya tare ta da hawaye. "Ke nan kin yafe, Hajja?"

"Wanka haƙƙin musulma ne, na sauke. Na shirya ta ne don shari'a. Ka ɗauki uwarka, kada ku rasa azahar a Harami."