Wuƙar Tsohon Kan Dutse

Mun tashi da asuba daga Tibilisi, babban birnin ƙasar Jojiya, ni da yayana da direban da muka ɗauka shata. Bikin gama karatun likitancinsa na je a madadin Inna, da ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Shi ya dage wai ba zan koma Gumel ban ga duwatsu ba.

Kun dai san ƙasarmu, daga Gumel har Maigatari ko tudun kirki babu. Can kuwa hanya ce siririya manne a jikin dutse, dama bango, hagu ramin da ba a ganin ƙarshensa. Shanu kwance a tsakiyar titi, ba makiyayi, ba mai kora. Mun tsaya mun sayi wani burodi mai cuku a ciki, da zafinsa, ba tsada. Na ci da marmari, amma kafin mu yi nisa jiri ya sa na yi nadama.

Wajen azahar sai ga maza uku tsaye a tsakiyar hanya, sun ɗaga hannu. Babbansu tsoho ne mai hular gashin tumaki. Suka yi magana da direba da yarensu, sai kawai ya sauka daga kwalta ya bi su ta wata burji. Duk wanda ya taso yana jin labarin hanyoyinmu ya san abin da zuciyata ta ba ni. Na kalli Yaya, ya ce, "Yi shiru tukuna, ni ma ban gane ba." Na sunkuya na yi wa Inna saƙon murya: "Inna, an tare mu a daji, ki yafe mana." Ba sabis, saƙon bai tafi ba.

Suka kai mu wani gidan dutse, suka kwashe jakunkunanmu. Wata tsohuwa ta ja hannuna zuwa ɗaki, aka bar Yaya a tsakar gida. Ta taga na hango tsohon ya fito da doguwar wuƙa, ya nufe shi. Ban san lokacin da na fice ba takalmi ba, ina salati, na faɗi a tsakaninsu na rungume ƙafar Yaya.

Tsohon ya tsaya. Ya juya wuƙar, ya miƙo wa Yaya ƙotar. A bayansa ana riƙe da rago.

Sai a lokacin direba ya haɗa ɗan Turancinsa ya yi bayani. Dutse ne ya zaftaro ya rufe hanya a gaba, shi ya sa suka tsaya tare matafiya. Da ya gaya musu mu Musulmi ne, tsohon ya ce to baƙo ya yanka da hannunsa, don kada ya ƙi ci.

"Tashi mana, Autar Inna," in ji Yaya, "kin tara mana jama'a." Likita guda, bai taɓa yanka ko kaza ba, sai da na tuna masa ya fuskanci alƙibla.

Abincin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Faranti a kan faranti, da na cinye sai tsohuwar ta ƙara. Al'adarsu mutum ɗaya ke miƙewa ya yi jawabi, ba mai kurɓar komai sai ya gama. Tsohon ya ɗaga ƙaho cike da giyarsu, mu aka zuba mana ruwan 'ya'yan itace, ba wanda ya matsa mana. Direba ya ce wannan jawabin na mahaifiyarmu ne, wadda ta yarda 'ya'yanta biyu su yi nisa haka. Na yi kuka, na kasa haɗa ido da shi.

Kwana biyu muka yi kafin a buɗe hanya, na manta shaf da saƙon. Muna gangarowa sabis ya kama, saƙon ya tafi. Kafin in lura, gidanmu na Gumel ya cika da masu jaje, har Kawu ya taso daga Ɗanzomo.

Ranar da na iso Gumel, Inna ta shafa fuskata, ta shafa hannuwana, sannan ta murɗe mini kunne. Na ba ta labari tun daga farko.

"Kin ba tsohon haƙuri?" ta tambaya.

Na ce ban iya yarensu ba.

"Durƙuso ba ya son yare."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: tsoron da na kwasa daga gida na je na ɗora wa bawan Allah da ya tsaya a rana don kada mu faɗa rami. Yaya zai koma karɓo takardunsa. Inna ta riga ta ƙulle riɗi da kilishi, ta ce ya hau dutsen nan ya kai da hannunsa, ya kuma durƙusa sau biyu, ɗaya nata, ɗaya nawa.