Malam Habu da Kwanakin Auyo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aka bugo mini waya, wai Malam Habu na ofishinmu ya rasu.

Ko makwanci ba a kai shi ba oga ya kira ni. Ba ta'aziyya ba fa. Wai wa zai riƙa gyara wa'adin rahotanni yanzu? Haba jama'a!

Ga wanda bai san shi ba, Malam Habu ne ya haɗa 'yar manhajar da ke raba wa malaman gona aiki a nan Haɗejiya. Da an shigar da aiki sai ta lissafa ranar kawo rahoto, ta tura wa mutum saƙo. Yawan kwanakin kuwa bai cusa su cikin manhajar ba, ya ware su a fayil ɗin saiti, kowane gari da layinsa, don kowa ya iya canzawa.

Sau nawa ya tara mu zai koya mana? Kowa na danna waya. Har da ni, abin da ke cin raina ke nan.

Da damina oga ya ce a sa wa kowa kwana uku. Ruwa ya shafe hanyoyin ƙauyukan Auyo, Sani malaminmu na can sai a kwalekwale yake shiga, kullum manhaja na nuna ya makara, har aka ba shi takardar gargaɗi. Malam Habu ya je gaban oga ya ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta san ambaliya ba. Abin da muka rubuta mata shi take ƙirgawa." Bai fita ba sai da aka mayar da Auyo kwana bakwai, aka janye takardar.

Bai taɓa faɗa wa Sani shi ne ya tsaya masa ba.

Ranar Larabar da ta wuce na same shi yana ta tari. Na yi masa faɗan ƙin zuwa asibiti, ya yi dariya, ya jawo mini kujera. "Zauna, Hajiya Binta, minti biyar kawai. Hanya ta bushe, zo in nuna miki yadda za ki rage wa Auyo kwanaki da hannunki."

Na ce ina sauri, sai gobe.

Ban koma ba.

Allah Ya gafarta maka, Malam Habu, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini yafiya.