Ranar da Uwa Ta Ce Ba Ta San Ɗanta Ba

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na kusa tura wani yaro gidan yari da bakina ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina tafinta a wata kotun majistare a kudancin Kano. Majistaren mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Ƙa'idar aikina ita ce in maida abin da aka faɗa Turanci, ba ƙari ba ragi. Da yake iyakata firamare, kullum cikin tsoron kuskure nake.

An kawo Buba, makiyayi daga wajen Burumburum, an kama shi da saniya a kasuwar Kafin Maiyaƙi, ana zargin sata. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ba shi ya sayar. Lauyansa, Alhaji Sabo, ya zo da Hauwa, sabuwar lauya da yake koya wa aiki. 'Yar Fulanin ruga ce, shi ya sa masinjojinmu suke tsokanarta: "Lauya, yau babu nono?"

Aka kira tsohuwar, mahaifiyar Buba, aka rantsar da ita. Alhaji Sabo ya nuna Buba ya ce, "Inna, kin san wannan? Gaya wa kotu sunansa."

Ta kawar da kai ta ce, "Ni ban san shi ba. Ku tambayi mutane."

Na maida shi Turanci yadda ta faɗa. Majistare ya fara rubutu. Buba ya sunkuyar da kai.

Ƙaramar lauya ba ta magana sai babbanta ya ba ta dama. Na ga Hauwa ta raɗa wa Alhaji wani abu, sai ya ce, "Tashi, shaidar taki ce." Ya zauna.

Ta gai da tsohuwar da Fulatanci, sannan ta ce da Hausa, "Inna, ba zan tambaye ki sunan kowa ba. Saniyar ta wa ce?"

"Tawa ce. Akwai tsaga biyu a kunnenta na hagu."

"Wa kika ba ya sayar?"

"Wancan na tsaye."

"Na fari ne?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Hauwa ta yi wa kotu bayanin kunyar ɗan fari, cewa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna nata ne a gaban jama'a. Aka duba saniya, ga tsaga biyu. Aka sallami Buba.

Bayan an tashi, majistare ya kira ni ofis. "Malam Iro, ka san wannan al'adar?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta rasu ba ta kira sunana ba."

"To me ya hana ka gaya mini?"

Na ba shi haƙuri na fita.

Ku da kuke aikin yanzu, ku riƙe ƙa'ida, amma in kun ga kotu za ta fahimci mutum a karkace, ku nemi izini ku yi magana. Kotu tana buƙatar masu sanin gidajen da mutane suka fito, da manyan da za su zauna su bar su su tashi. Daga ranar ban sake jin wani ya tambayi Hauwa nono ba.