Hoton Malam Sabo da Kwamfutar da Ta Ƙi Gudu a Duwala

Mun tashi daga Garwa da asuba, ana sallame salla muka nufi tasha, ni da wani abokina da zai je Duwala saro kayan babur. Kayana ba su da yawa: kyamara, 'yar na'urar buga hoto, da tsohuwar kwamfutata ta cinya wadda na saya tun ina aikin rediyo.

Kawuna da ke zaune a Duwala ne ya kira ni. A shekarun nan da iyakar Najeriya ke rufe ta tudu, hanyoyi kuma ba lafiya, 'yan kasuwar arewacin Najeriya da ke Duwala sun daina zuwa gida Salla. Sai suka fito da wata dabara. Mutum zai sa sabon ɗinkinsa a ɗauke shi hoto, iyalinsa su turo nasu ta waya, mai hoto ya haɗa su wuri ɗaya kamar tare suka tsaya, a buga a takarda a aika wa iyaye. Hoton haɗi suke kiransa. Aikin da ya kai ni ke nan, kuma dole in dawo Garwa da hotunan kafin jirgin ruwan da ke bin Binuwai zuwa Yola ya yi sawunsa na ƙarshe gabanin Babbar Salla.

Daga Garwa zuwa Ngaundare shingen jami'an tsaro ya fi gidajen mai yawa. A kowanne sai an sauka, a nuna katin shaida, a koma. A wani shingen wani jandarma ya ce in kunna kwamfutar ya ga abin da ke ciki. Na danna. Ya tsaya, na tsaya, fasinjoji suka tsaya. Ya duba takardun mutum uku ya dawo, ba ta gama farkawa ba. Ya ce in rufe kayata in tafi. Abokina ya yi ta dariya har muka hau gangaren dutse. Ni ban yi ba.

Daga Ngaundare jirgin ƙasa ya kai mu Yawunde. A ƙananan tashoshi mata na miƙo zuma da ayaba da ƙullin rogo ta taga, kuma duk abin da na taya sai na tarar ya fi yadda na san shi tsada. Daga Yawunde muka hau bas. Daji ya rufe hanya dama da hagu, manyan motocin katako suna ta wuce mu, ruwan sama kuma bai ɗauke ba har Yassa, mashigar Duwala, inda cunkoso ya tsayar da komai. A nan muka rabu da abokina. Na hau babur ɗin haya, wanda a can suke kira benskin, na rungume jakar kwamfuta a ƙirji cikin leda. Ɗan benskin ya waiwayo ya ce, "Maigida, riƙe da kyau." Duk ɗan Arewa Maigida ne a bakin mutanen Duwala, ko da kuwa bai mallaki tabarma ba.

New Bell, inda Kawu yake zaune, unguwa ce da ba ta da wurin tsayawa. Lunguna matsattsu, kwatoci cike da ruwa, hayaƙin masu tsire na haɗuwa da na masu gasa kifi. Cikin taku kaɗan za ka ji Hausa da Fulatanci da Faransanci, wani lokaci duk a bakin mutum ɗaya. Zafin garin ba irin namu ba ne. Jiƙa mutum yake yi, rigar da ka shanya jiya da danshinta za ka sa ta. Kawu ya ba ni zauren gidansa in yi aiki, ya ciyar da ni gasasshen kifi da miyondo, wato siririn ƙullin rogo a ganye, sannan ya faɗa mini ƙa'idar aikin.

"Ɗan nan, ka ji da kyau. Ba wanda zai bar maka hoton matarsa ya tafi. Zai zauna kusa da kai har ka gama, ka buga, ka goge a gabansa. In ka yi haka, kai da su lafiya."

Wannan ƙa'ida ita ta sa saurin kwamfuta ya zama komai. Kowane mutum rumfarsa ya rufe ya zo. Ɗaukar hotuna ba ta ba ni wahala ba, amma da na buɗe manhajar gyaran hoto sai aiki ya tsaya. In na ja hoto, sai ya biyo hannuna bayan na saki. Fanka na kuka, ƙasan kwamfutar ya yi zafi, da'irar nan ta jira tana ta juyawa. Abin da ya kamata in gama kafin shayi ya huce sai ya ci rabin yini.

Na huɗu a layi shi ne Malam Sabo, mai sayar da atamfa a Kasuwar Kwango, mutumin wani ƙauye kusa da Mubi. Dogo ne, ba ya son magana. Ya baro matarsa da ciki, ga shi yaron har ya fara tafiya bai taɓa ɗaukarsa ba. Mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta yarda da hoton waya, ta ce ita dai tana so ta ga ɗanta da jikanta a takarda ɗaya da za ta riƙe a hannu. Ya turo mini hoton matar riƙe da yaron. Na faɗaɗa shi don in yanke gefen mayafinta, sai kwamfutar ta daskare. Fuskar matar ta cika allon, ba ta gaba ba ta baya. A daidai lokacin ruwa ya sauko, masu jira a waje su biyar suka shigo zauren a guje.

Malam Sabo ya cire hularsa ya rufe allon da ita. Hular ba ta isa ba, ya ƙara da tafin hannunsa.

"Kashe ta," ya ce.

"Ba ta amsawa, Malam Sabo. Ka ɗan ba ta lokaci."

"Cire mata wutar."

Na zare waya, allon ya mutu, don batirin ya ƙarasa lalacewa a hanya. Ya tsaya har na sake kunnawa na goge hoton, ya sa hularsa, ya ce wa Kawu, "Alhaji, a bar shi kawai. Allah bai yi ba." Ya fita cikin ruwan. Biyu daga cikin masu jira suka bi shi.

Washegari na hau benskin zuwa unguwar Bepanda, wurin wani mai gyaran kwamfuta da Kawu ya kwatanta mini. Mutum ne mai surutu, yana cin gyaɗa yana kwance kusoshi. Ya duba ya ce faifan ajiya ya cika har baki, manhajar ba ta da wurin shimfiɗa aikinta.

"Maigida, on formate. A share komai, ta dawo amarya."

Na ce a'a. Abin da ya cika faifan hotunan mutanen Garwa ne da na waɗanda rikici ya koro daga kan iyaka, na shekaru. Ban taɓa goge hoton kowa a cikinsu ba, domin sau da yawa an zo shagona ana neman hoton wanda ya rasu ko ya ɓace, a tarar nawa kaɗai ya rage. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to in sayi faifan waje in kwashe su. Na saya. Ya ƙara mata ram na hannu, wato 'yar na'urar da ke ƙara mata sauri, ya wanke fankar, ya sa sabon man sanyaya a kan ƙwaƙwalwarta. Ya so ya sayar mini da wata kwamfutar gaba ɗaya, na ce wannan ma ta ishe ni magana.

Kwashe hotunan ne ya fi cin raina. Ana cikin yi aka ɗauke wuta, aka koma farko da janareto. Na zauna a benci ina kallon koren layin da ke nuna inda aikin ya kai yana rarrafe, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Na sha shayi ban ji ɗanɗanonsa ba. Tikitin jirgina na komawa yana aljihu, ina ta taɓa shi.

Sauran gyaran ni na yi da kaina a zauren Kawu. Na hana tarkacen manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar tashi. Na rage yawan matakan baya da manhajar hoto ke riƙewa. Na kuma lura da wani abu: hotunan kyamarata manya ne ƙwarai, na waya kuwa ƙanana, ga takardar da zan buga ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Sai na riƙa rage nawa zuwa girman takardar kafin in fara. Na ɗora kwamfutar a kan marafan kwalba huɗu don iska ta shiga ta ƙasa. Ba ta zama sabuwa ba, amma in na ja hoto yana biyo ni. Kawu kuma ya rataya labule a tsakiyar zauren. Mutane suka dawo, layi ya fara tafiya.

Malam Sabo bai dawo ba. Ranar da zan bar gari na ɗauki kayana na bi shi Kasuwar Kwango. Kasuwar cike take da masu sayayyar Salla, dillalai na jan hannun riga, bandir-bandir na atamfa da shadda sun kai rufi. Na same shi yana auna wa wata mata yadi.

"Malam mai hoto, ai na ce a bari."

"Ka ce. Amma yau zan tafi, kuma an yi mata magani. Ka ba ni wuri a bayan kayan nan, inda ba mai gani sai kai."

Ya ci gaba da awon yadinsa. Maƙwabcinsa, wani Bafulatani mai sayar da shadda, ya ce, "Sabo, ba shi mana. In ta sake tsayawa ni zan ara maka babbar riga ka rufe ta." Malam Sabo ya harare shi, amma ya janye wani dami ya nuna mini wuri kusa da soket.

Na zauna a ƙasa tsakanin atamfofi, gumi na ɗiga a hannuna. Ya turo hoton. Na yanke, na jera, na daidaita hasken Mubi da na Duwala. Yana tsaye a kaina yana sallamar masu ciniki da hannu ɗaya. Da na ce ya duba, ya daɗe yana kallo.

"Ba za a iya sa hannuna a kansa ba?"

Na ɗauke shi wani hoton a nan take, hannunsa a kan dami. Na cire damin, na sa kan yaron a ƙarƙashin tafinsa. Na buga biyu. Ya sa ɗaya a ambulan ya liƙe, ya cusa ɗayan a aljihun gaba. Sannan na goge komai yana kallo, har da kwandon shara na kwamfutar. Daga kasuwar na wuce tasha ko wanka ban koma yi ba.

Na iso Garwa jirgin ruwan na lodi. Na damƙa wa mai jirgin ambulan-ambulan ɗin a cikin leda biyu, na tsaya a bakin kogi har suka sha kwana. Bayan Salla Malam Sabo ya kira ni. Ya ce saƙo ya isa, tsohuwa ta kai hoton bakin ƙofa wurin haske, ta duba, ta ce, "Sabo ya rame."

"Kai ma da ka ɗan ƙara mini kumatu," ya ce. Karo na farko ke nan da na ji dariyarsa.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Tsohuwar kwamfuta wuri take so da iska, kuma kada a ɗora mata hoton da ya fi takardar da za a buga girma. Wanda zai yi wannan aiki ya gyara na'urarsa tun a gida, ya rataya labule kafin ya buɗe hoton iyalin wani. Faifan Garwa yana nan a akwatina, ban rage ko ɗaya ba. Na Duwala kuwa babu ko ɗaya a wurina, har da na Malam Sabo, wanda a ganina ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba.