Mai Lamba Bakwai

Shekara uku ke nan da yin abin. Da muka isa filin wasa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, a ƙasar Larabawan da muke zaune, abin da na fara gani shi ne wata doguwa cikin abokan karawarmu, mai lamba bakwai, tana ɗaure takalmi. Yayata ta ce da ni, "Ke, miƙo ruwan nan." Sai doguwar ta kalli gorar ruwan, ta yi maza ta sunkuyar da kai.

Ƙungiyarmu ta mata ce, muna buga ƙwallon Amurka, irin wadda ba a ka da kowa, sai dai a fizge ƙyallen da ke ƙugun mai riƙe da ƙwallo. Yawanci ma'aikatan jinya ne 'yan Najeriya, ni ce ƙaramarsu, ina sakandare. Shekara biyu muna shan kashi. A ta uku kyaftin ɗinmu, ƙawar mahaifiyata da muke kira Anti, ta ɓullo da dabara: maimakon mu taru mu yi raɗa, sai ta faɗi shirin da ƙarfi da Hausa, tunda abokan karawa ba sa jin Hausa. Da haka muka kai wasan ƙarshe, kofi na gabanmu a kan tebur.

Aka fara. Anti ta ce, "A jefa wa ta hagu." Kafin a jefa, lamba bakwai tana hagu. Anti ta ce a yi kamar za a jefa amma a ruga. Doguwar ko motsi ba ta yi ba, ta tsaya tana jiranmu.

Da aka tafi hutu na matsa kusa da Anti.

"Anti, kamar waccan tana jin mu."

"Wa? Balarabiyar? Sha ruwa, 'yata, zafi ne. Yalla, mu koma."

Yayata ta yi dariya ta ce na cika sa ido. Na koma ina kallon ana fizge ƙyallayenmu ɗaya bayan ɗaya, Anti kuwa sai ƙara murya take, wai ko ba mu ji ta ba ne.

Muka faɗi. Ana gaisawa, doguwar ta riƙe hannun Anti bibbiyu ta ce, "Sannunku da ƙoƙari, Mama. A nan ƙasar, a unguwar Al-Jaradiya aka haife ni, amma kakata ba ta yi mana magana sai da Hausa."

Har yau idan na tuna sai haushi ya kama ni, kuma rabinsa nawa ne. Na ga abu da idona, na faɗa sau ɗaya kamar mai roƙon gafara, na bari.

Abu ɗaya na iya yi a ranar. Na bi doguwar har bakin mota, na taɓa hannun rigarta, na ce, "Yaya, kofin dai kin ɗauka. Don Allah kada ki gaya wa sauran ƙungiyoyin."